Da ruwan ciki ake jan na rijiya: da wane ruwa za a ja man Agadem?

Duk wanda ke zama a kasuwar Diffa ya san cewa in aka ɗauko zancen man fetur, magana ba ta wuce abu uku: nawa lita take yau, yaushe motocin tanki za su iso daga Damagaram, sannan ina rabon jiharmu cikin arzikin da ake haƙowa a ƙasarta. Tambayoyi ne masu kyau, kuma ba mu ce a daina yin su ba. Amma akwai ta huɗu da ba a cika jin ta a rumfuna ba, alhali ita ce za ta fi daɗewa tare da jikokinmu. Tambayar ita ce ruwa. Masu haƙar mai a duk duniya da ruwa suke koro man daga cikin dutse, kuma sabuwar dabarar da manyan kamfanoni ke yayi yanzu ita ce amfani da ruwa mai ƙarancin gishiri, wato irin wanda ya yi kusa da wanda mu da dabbobinmu muke sha. A ƙasar da ba ta da teku kamar Nijar, wannan magana ta shafi mai sayar da tattasai da dillalin raƙuma kamar yadda ta shafi injiniya.

Yadda mai yake zaune a ƙarƙashin ƙasa

Da yawa daga cikinmu suna zaton man fetur kwance yake a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki, sai dai a zura bututu a zuƙo. Ba haka abin yake ba. Mai yana maƙale ne cikin ƙananan kafofin dutse, waɗanda ido ma ba ya iya ganin mafi yawansu. Iyayenmu mata masu sana'ar man gyaɗa sun fi kowa saurin gane wannan. In an soya gyaɗa aka niƙa, man yana nan ciki amma ba ya fitowa don kansa sai ɗan kaɗan. Sai an yi ta juyawa ana yayyafa ruwan zafi kafin ya taso, kuma bayan an matse tunkuza, in aka zo suyar ƙuli-ƙuli sai a ga ashe da sauran mai a ciki.

To, haka rijiyar mai take. A farkon buɗe ta, ƙarfin da ke ƙasa ne ke tunkuɗo man sama, amma wannan ƙarfi yana raguwa da tafiyar shekaru, kuma abin da yake fitarwa ba ya cika wuce kashi 15 cikin ɗari na man da ke wurin ba. Daga nan sai a haƙa wasu rijiyoyi a gefe, a riƙa ɗura ruwa ta cikinsu don ya riƙe ƙarfin, ya kuma koro man zuwa rijiyar da ake ɗiba. Duk da haka, in aka yi lissafin rijiyoyin duniya baki ɗaya, abin da ake iya fitarwa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba. Kashi biyu suna zaune a cikin dutse har a rufe rijiyar a tafi. Shi ya sa kamfanoni ke kashe maƙudan kuɗi wajen neman hanyar ƙara matso ko da kashi biyar ne cikin ɗari, domin a babban fili wannan ɗan ƙari miliyoyin ganguna ne, ba tare da an sha wahalar neman sabon fili ba.

Ina ruwan gishiri a ciki?

Duwatsun da ke riƙe mai iri biyu ne manya. Akwai dutsen yashi, akwai kuma dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Malbaza ana yin siminti da shi. An ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin ɗari na man da ya rage a duniya cikin wannan dutse na biyu yake, musamman a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin. Matsalar dutsen farar ƙasa ita ce yana son mai. Wasu sinadarai masu tsami da ke cikin ɗanyen mai suna manne wa fuskar dutsen kamar yadda maiƙo ke kama kwanon miya, sai ruwan da aka ɗura ya bi ta tsagogi ya wuce, ya bar man a manne.

Shekaru da dama ba wanda ya damu da irin ruwan da ake ɗurawa, in dai yana da araha kuma ba ya toshe rijiya. Sai a shekarun 1990 masu bincike a jami'ar Wayomin ta Amurka, ƙarƙashin wani malami mai suna Norman Morrow, suka nuna cewa in aka rage gishirin ruwan, dutsen yashi yana ƙara sakin mai. A ƙasar Norwai kuma, filin Ekofisk da ke cikin teku, wanda dutsensa na alli ne, ɗan uwan farar ƙasa, ya ba masana mamaki. An fara ɗura masa ruwan teku a 1987. Da farko ana sa ran fitar da kashi 17 cikin ɗari kawai na man da ke wurin, yanzu ana maganar kusan rabi. Da masu bincike na birnin Sitabanga suka duba, sai suka gano cewa ba turi kaɗai ruwan yake yi ba: wasu gishirin da ke cikinsa, musamman wanda ake kira salfet tare da kalsiyam da magniziyam, suna ɓamɓare man daga fuskar dutsen. Daga nan aka fahimci cewa in aka rage gishirin miya da ke cikin ruwan aka bar waɗancan, ko kuma aka tsarma ruwan gaba ɗaya, dutsen yana juyawa ya koma son ruwa ya saki mai.

Kamfanin Aramco na Saudiyya ya gwada wannan a rijiyoyinsa na dutsen farar ƙasa, ya sa wa dabarar suna SmartWater. Kamfanin BP na Ingila yana kiran tasa LoSal, kuma a 2018 ya buɗe filin Clair Ridge a tekun arewacin Birtaniya da na'urar rage gishiri tun ranar farko, yana sa ran ƙarin ganga miliyan 40 saboda ita kaɗai. Ya kamata a sani cewa ribar da ake gani a ɗakin gwaji takan ragu in aka fito fili, kuma dabarar tana aiki ne inda ruwan da ke cikin dutsen ya fi wanda ake ɗurawa gishiri nesa ba kusa ba. Don haka kowane fili sai an gwada shi da kansa.

Ga awon a sauƙaƙe. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, wato kusan cokali biyu na cin abinci. Ruwan da ke cikin duwatsun man Saudiyya yakan haura giram 200. Ruwan da ake kira mai ƙarancin gishiri a wannan sana'a, musamman ga dutsen yashi, shi ne wanda bai wuce giram 5 ba, kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Ruwan shan ɗan Adam kuwa ana son ya tsaya ƙasa da giram 1. Tsakanin giram 1 da giram 5 ɗin nan, a nan ruwan rijiyoyin makiyaya da dama yake, wanda ɗanɗanonsa ya ɗan yi kanwa-kanwa amma raƙuma da shanu da awaki suna sha su rayu. A nan gizo ke saƙar.

Mu dawo gida

Idan ba a manta ba, a 2008 ne gwamnatin marigayi Tandja Mamadou, ɗan Maine-Sorowa, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan filin Agadem da ke yankin Ngurti. A ƙarshen 2011 mai ya fara gudana cikin bututu mai tsawon kilomita sama da 460 zuwa matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana. Daga baya aka shimfiɗa babban bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Jamhuriyar Benin, mai ɗaukar ganga 90,000 a rana, kuma jirgi na farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024. Ke nan ƙarfin ɗiba ya tashi daga ganga 20,000 zuwa 110,000, ya ninka fiye da sau biyar.

Man Agadem a cikin dutsen yashi yake, ba na farar ƙasa ba. Wani zai ce to ina ruwanmu da dabarar Saudiyya? Amsa ita ce a dutsen yashi aka fara tabbatar da amfanin rage gishiri kafin a kai ga farar ƙasa, saboda haka zancen ya ma fi kusa da mu. Sannan duk filin da aka ninka ɗibarsa haka, ƙarfinsa na ƙasa zai fi saurin sauka, kuma maganin da sana'ar ta sani shi ne ruwa. Kamfanin da ke aiki a Agadem gwani ne a wannan fanni. Babban filinsa na Dacin a ƙasar Sin, wanda aka gano a 1959, da ɗurin ruwa aka riƙe shi yana ba da tan miliyan 50 kowace shekara har shekara 27 a jere, daga 1976 zuwa 2002. Yau abin da ke fitowa daga rijiyoyin can, sama da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne. Haka tsufan rijiyar mai yake a ko'ina.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Ganga ɗaya lita 159 ce. Ganga 110,000 ta kama lita miliyan 17 da rabi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi wajen riƙe ƙarfin fili ita ce a mayar da gwargwadon abin da aka ɗebo. In aka bi wannan ƙa'ida a cikakken ƙarfin Agadem, ana maganar jarka mai lita 25 kusan 700,000 a kowace rana ta Allah. Ruwan da ke fitowa tare da mai ana iya tace shi a mayar, kuma haka ake yi a filaye da yawa, amma shi gurbin kansa yake cikewa. Gurbin man da aka tura Damagaram da Seme, dole wani sabon ruwa ne zai cike shi.

Abin da Saudiyya ta yi

Filin Gawar na Saudiyya, wanda ya fi kowane filin mai na kan tudu girma a duniya, an fara ɗura masa ruwa ne a shekarun 1960, kuma da ruwan ƙarƙashin ƙasa aka fara. Da suka ga yawan da abin ke ci, sai suka gina babbar matatar ruwan teku a Ƙurayya, wadda ta fara aiki a 1978, suka riƙa turo ruwan da bututu zuwa cikin hamada. Yau in Balarabe ko Bature yana son ruwa mai ƙarancin gishiri, sai ya ɗebi na teku ya tace, teku kuwa ba ta san an taɓa ta ba. Mu tekun da ta fi kusa da Agadem tana can ƙarshen bututun Seme. Abin da muke da shi shi ne abin da Allah Ya ajiye mana ƙarƙashin yashi.

Wannan ajiya hawa-hawa ce. Akwai ruwan sama-sama na ƙasar Manga, wanda rijiyoyin gargajiya da na siminti ke kaiwa gare shi, wanda kuma shi ne ke raya kwaruruwan dabino da kanwa na Maine-Sorowa da Gudumariya. Ƙarƙashinsa, a zurfin ɗaruruwan mita, akwai wanda in an huda yake tsartuwa da kansa ba tare da inji ba. Wannan na ƙasa tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, lokacin da yankin nan ke da damina mai ƙarfi, kuma ruwan saman da muke samu yanzu ba ya mayar da shi yadda za a ce an mayar. Dattawa a nan da Borno shaida ne: rijiyoyin burtsatse da aka haƙa a shekarun 1960 aka bar su suna kwarara dare da rana, ƙarfin da yawansu ya ja baya. Mutanen Arlit ma suna da labarin da za su ba mu kan yadda shekaru 50 na haƙar yuraniyam suka ci ruwan ƙarƙashin ƙasarsu.

Ina abin ya shafi mai tattasai?

Mu faɗi gaskiya, tsakanin Agadem da Komadugu akwai ɗaruruwan kilomita, kuma ruwan kogin daga damunar Kano da Jigawa da Bauchi yake zuwa ta kogunan Haɗeja da Jama'are. Ba wanda zai ce famfon Agadem zai busar da kogi. Hanyar da abin zai biyo ya iso mana daban ce. In rijiyoyin Ngurti da arewacin Gigimi suka ja baya ko suka lalace, Tubawa da Larabawa da Fulani ba za su zauna su kalli dabbobinsu suna mutuwa ba. Kudu za su gangaro, kuma da wuri, lokacin da tattasai ke tsaye a gona daga Shetimari zuwa Geskeru da Boso. Kowa ya san abin da hakan ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi, a yankin da tun 2015 yake ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da ƙarfinsa. Dabba in ta rame farashinta ya faɗi, makiyayi in bai sayar da daraja ba ba zai sayi atamfa da sukari da shayi ba, kuma mai rumfa a Diffa shi zai kwana da kayansa.

Mun riga mun ɗanɗani yadda shawarar da aka yanke a nesa take isowa har cikin aljihunmu. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 an gina su ne a jihar Kano, ba a tambayi manomin Komadugu ba, amma sun sauya yadda kogin ke zuwa da yadda yake janyewa. Dokar ta-ɓaci ta watan Fabrairun 2015 ta hana babura da cinikin kifi da tattasai, sai a 2017 aka sassauta wa tattasai, kifi kuwa sai 2019. Matan da ke sayar da busasshen kifi da garin tattasai ba su manta waɗannan shekaru ba. Darasin shi ne in ba mu yi magana tun ana shiri ba, sai dai mu ji a salansa.

Ta ɗaya gefen kuma, ba mu ƙi a ƙara matso mai daga Agadem ba, muna ma so. Rijiyar da ta daɗe tana ba da mai ita ce ke riƙe matatar Damagaram, matatar kuwa ita ce ke riƙe injin ban ruwan manomi da motar da ke kai buhunan tattasai kasuwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, man bumburutu mai araha da muka saba da shi ya yi ƙaranci, nauyi ya koma kan SORAZ. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, amma a watan Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai a faɗin ƙasa. Ga kuma dala miliyan 400 ta Amurka da gwamnati ta karɓa daga CNPC a watan Afrilun 2024 a matsayin kuɗin gaba, da za a biya da ɗanyen mai. Ƙasar da ke cikin irin wannan hali tana bukatar kowace ganga, kuma a irin wannan lokaci ne ake saurin rufe ido ga abin da ba ya shiga asusu, kamar rijiyar makiyayi.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, duk ruwan da za a ɗura a rijiyar mai, ko yau ko gobe, a fara da wanda ya fito tare da man, sannan a cike da ruwa mai zurfi mai ɗaci wanda mutum da dabba ba sa iya sha. In ana son mai ƙarancin gishiri, kamfani ya kafa na'urar tacewa da kuɗinsa kamar yadda ake yi a teku. Hawan da jama'a ke sha a bar wa jama'a.

Na biyu, a kula da inda ake zubar da ragowar. Duk na'urar da ta cire gishiri tana barin wani ruwa mai ɗan karen gishiri, kuma ruwan da ke fitowa da mai yana ɗauke da maiƙo da sinadarai. In aka tara su a buɗaɗɗen rami cikin yashi, za su tsiyaya zuwa ruwan sama-sama, dabbobi kuma za su kai baki. Wurinsu shi ne can ƙasa inda suka fito. Maƙwabciyarmu Chadi ta dakatar da aikin CNPC a 2013 kan zubar da ɗanyen mai a ramuka a yankin Bongor, rigimar ba ta mutu ba sai da kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 400 a 2014. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, a sa ma'auni a kowace rijiyar ruwa ta kamfani, a riƙa bayyana lissafin ga jama'a kowace shekara: lita nawa aka ɗiba, daga wane zurfi, nawa aka biya. Wannan ba roƙo ba ne. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta ce mai ɗiba ya biya, mai gurɓatawa ya biya. Akwai hukumar tantance illar ayyuka ga muhalli, wato BNEE, akwai jami'ar Diffa da aka kafa a 2014, wadda malamanta da ɗalibanta za su iya auna zurfin ruwa da gishirinsa a rijiyoyin makiyaya tun yanzu, don gobe in an ce ruwa ya sauya a san daga ina aka tashi. Mai shago ma ba ya karɓar sabon yaro sai ya ƙirga kayan da ke ciki.

Na huɗu, dokar man fetur ta 2017 ta ware kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen harajin haƙar mai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa, kuma an sha kokawa kan jinkirin biyan wannan kaso. In ya zo, ruwa ya kamata ya kasance a gaba: rijiyoyin makiyaya a arewa, famfunan garuruwa, da sa wa rijiyoyi masu tsartuwa makulli don su daina zuba a banza. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024 aka naɗa masu riƙo, nauyin tambaya ya ƙara dawowa kan sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin makiyaya da na manoman tattasai da na 'yan kasuwa maza da mata. Shugabannin kasuwa suna zama da gwamna da sauran hukumomi kan haraji da tsaro. Su ƙara wannan a cikin jerin abin da suke kaiwa.

Jama'ar da ta san bambancin kanwa da mangul da gishirin Bilma tun kaka da kakanni ba za a ce zancen gishirin ruwa ya fi ƙarfin fahimtarta ba. Mai zai ƙare wata rana, ko a matse shi da dabara ko a'a, kamfani zai naɗe kayansa kamar yadda Cominak ta rufe a Akokan a 2021. Waɗanda za su rage su ne mu da rijiyoyinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yanzu da babban bututu yake sabo, yanzu ne lokacin rubuta sharaɗin ruwa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji, Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.